Wa zai binne 'yan fashin Skyrim? Kundin aikin mod ɗin Sutura

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan kundi ne don in riƙa rubuta inda aiki ya tsaya, saboda mod ɗin da nake haɗawa, wato ƙarin da nake yi wa wasan kwamfuta na Skyrim, ba na kwana ɗaya ba ne. Manufarsa a taƙaice: duk wanda ya mutu a kan hanya ko a bakin gari cikin Skyrim, a samu mai ɗauke shi ya rufe shi, maimakon ya yi ta kwanciya a ƙasa har wasan ya gaji ya share shi. Na sa masa suna Sutura.

Ga wanda bai san wasan ba, kamfanin Bethesda ne ya fitar da shi ranar 11 ga Nuwamba, 2011, sannan ya sake fito da shi a gyare a 2016 da sunan Special Edition, kuma a kan wannan nake aiki. Kayan aikina su ne Creation Kit, manhajar da kamfanin ya saki a farkon 2012 don masu yi wa wasan ƙari, da harshen umarninsa Papyrus, da SSEEdit don leƙa cikin fayiloli.

Abin da ya tunzura ni shi ne wannan. Skyrim ƙasa ce da ta ɗauki mutuwa da girma. Akwai abin bautarsu Arkay mai kula da haihuwa da mutuwa, akwai firistocinsa a manyan birane, akwai Zauren Matattu a Whiterun da Windhelm da Solitude da Markarth da Riften da Falkreath, akwai Sovngarde inda jaruman Nord, mutanen ƙasar, suke fatan zuwa bayan mutuwa. Duk da haka, ka kashe 'yan fashi biyar a mararrabar da ke kusa da Whiterun, ka tuɓe musu sulke da takalmi ka kai kasuwa, gobe ka dawo ka tarar da su yadda ka bar su, daga su sai ɗan kamfai, manoma na wucewa ta kansu. Wani lokaci dogari zai durƙusa ya duba gawar, ya miƙe, ya ci gaba da sintirinsa. A garinmu wanda ya rasu da asuba kafin azahar an kai shi, kuma ba a tambayar sunansa kafin a ɗauki makara. Wataƙila shi ya sa abin yake tsaya min a rai fiye da yadda yake tsaya wa wasu.

Gawa iri biyu ce a wasan, mai suna da marar suna. Ta farko tana da tsari. Ta biyu agogo kawai take jira. Aikina a kan ta biyun yake.

Asabar, 11 ga Janairu

Wannan makon karatu na yi, ban rubuta umarni ko layi ɗaya ba. Ina so in fahimci abin da Bethesda ta riga ta yi kafin in ɗora nawa a kai.

Yawancin mutanen gari masu suna suna ɗauke da wani ɗan rubutun umarni mai suna WIDeadBodyCleanupScript. Idan mutumin ya mutu, rubutun zai jira kamar rabin yini na wasan, ya tabbatar ba ka kusa, sai ya kwashe kayan da ke jikin mamacin ya zuba su cikin akwatin gawa ko tulun toka da aka tanadar masa tun farko a Zauren Matattu na birninsa. Akwatin yana nan a ɓoye tun ranar da ka fara wasa, da sunan mai shi a jiki, ana jiran ranar da za a bayyana shi. Wato maƙerin da kake saye a wajensa yau, akwatinsa na ƙarƙashin gari a shirye.

Amma gawar kanta ba ta shiga akwatin. Ana jefa ta wani ɗaki da ba ya cikin taswira, WIDeadBodyCleanupCell. Na shiga da umarnin coc, wanda ke kai ɗan wasa wuri kai tsaye, don in gani da idona. Ɗan lungu ne mai siffar gicciye, babu sama babu ƙasa a kewayensa, ga gawarwakin mutanen da na sani a zube kan juna, an tuɓe su. Dalilin a fili yake: wasu ayyukan wasan suna ci gaba da nuni zuwa ga waɗannan mutane ko bayan sun mutu, don haka share su gaba ɗaya zai iya karya wani abu. Sai aka ɓoye su. Jana'izar da ɗan wasa yake gani akwati ne da riga da zobe, mamacin yana can bayan labule.

Idan mamacin abokinka ne a lissafin wasan, ɗan aike zai tare ka a gari da takardar gado da 'yan kuɗi, bayan Jarl, sarkin yankin, ya cire ushirarsa. Idan kuma iyayen yaro ne suka mutu, tun da kamfanin ya yi wa wasan ƙarin Hearthfire a 2012 ana iya tura yaron gidan marayu na Honorhall a Riften. Ba za a ce ba a yi tunani a kan mutuwar mai suna ba.

Marar suna fa? Duniyar wasan a yanke take gida-gida, kuma kowane gida yana komawa sabo bayan awa 240 na wasan, wato kwana 10. Kogo ko kangon da aka rubuta an gama da shi yana ɗaukar awa 720, kwana 30. A lokacin ne gawa take ɓacewa, sabon ɗan fashi ya tsaya a gurbinta. Agogon wasan yana gudu ninki 20 na namu, saboda haka kwana 10 awa 12 ne a zaune gaban kwamfuta idan ba ka yi barci ko jira a wasan ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Lissafin yana farawa ne daga ranar da ka bar wurin, kuma duk lokacin da ka sake ratsawa kafin wa'adi ya cika, sai ya koma farko. Gawar da ke ƙuryar kogon da ba za ka sake komawa ba ita ce take saurin tafiya, ba wanda ya gani. Wadda ke ƙofar Whiterun, inda kake wucewa kullum, ita ce take dawwama. Tsarin yana share abin da ba ya damun kowa, yana barin wanda ke tsone ido.

Morrowind, wasan da Bethesda ta fitar a 2002 a wannan jerin, ya fi sauƙi a nan. Akwai maɓalli a jikin kowace gawa da kake dannawa ta ɓace nan take, in ka ƙyale ta kuma ta tafi da kanta bayan awa 72. Babu mutunci a ciki, amma aƙalla an ba ka zaɓi.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na yi zagayen Zaurukan Matattu da sabon ɗan wasa, ina rubuta abin da kowanne yake nunawa game da al'adar wurin, don kada in ƙirƙiro jana'izar da ba ta dace da ƙasar ba.

A Whiterun firist ɗin Andurs ne, kuma ya bar layarsa ta Arkay a cikin ramukan ƙasa yana tsoron komawa saboda ƙasusuwa sun tashi suna yawo. Wannan ya nuna min abin da jana'iza take nufi a wannan duniyar. Ba girmamawa ce kaɗai ba, tsaro ce. A labarin wasan, addu'ar Arkay ita ke hana matsafa tayar da gawa su mai da ita baiwa. Gawar da aka yar a daji makami ce da aka bar wa duk bokan da ya fara wucewa. Da wannan hujjar kaɗai ya kamata kowane Jarl ya ɗauki mahaƙa kabari aiki yana biyansu daga baitulmali, ko da bai damu da 'yan fashi ba.

A Riften Alessandra ce, wadda ta gaji aikin daga mahaifinta ba da son ranta ba. A Windhelm Helgird ce, wadda ake kai wa gawar wata mata mai suna Susanna bayan an tsince ta a maƙabarta, tana duba irin yankan da aka yi mata. A Solitude Styrr ne, kuma a ramukan birnin ake ajiye akwatin Roggvir, mutumin da ake fille wa kai a dandali ranar da ka fara shiga garin. A Markarth an rufe zauren ma gaba ɗaya, Verulus ya hana shiga, domin wani abu yana cin gawarwakin. Daga baya ka gane mabiya Namira ne, abar bautar masu cin naman mutane, kuma wasu daga cikinsu 'yan kasuwar da kake gaisawa da su ne a garin.

Falkreath ce ta fi ba ni abin aiki. Maƙabartarta ita ce mafi girma a ƙasar, a fili take ba a ƙarƙashin ƙasa ba, kuma har masaukin baƙi da shagon magani na garin sunayensu na mutuwa ne. Runil ne firist, Kust ke kula da kaburbura. A nan ne ɗan wasa yake iya tarar da iyaye a tsaye bakin kabarin 'yarsu ana yi mata addu'a. A nan kuma wani dattijo, Thadgeir, yake ba ka tokar abokinsa Berit ka kai wa Runil. Ke nan Nord suna binnewa, suna kuma ƙonawa. Kodlak, shugaban ƙungiyar mayaƙa ta Companions, a kan wutar maƙerar Skyforge aka ƙone shi. Mutanen da can can kuwa shafe gawa suke yi da magani, su naɗe ta da lilin, su jera a bangon kushewa, shi ya sa ake samun kayan yankan gawa da ƙullin lilin a wurare irin su Bleak Falls Barrow, tare da draugr, wato tsofaffin gawarwakin da suka ƙi kwanciya.

Morthal da Dawnstar da Winterhold ba su da zaure. Morthal tana da 'yar maƙabarta, inda aka tono akwatin yarinyar nan Helgi. Zan bar waɗannan ukun zuwa gaba.

Hukuncin da na yanke: da Falkreath da Whiterun zan fara, binnewa a ƙasa, ba wuta.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Tambayar farko ta fasaha ita ce, ta yaya mod zai san an yi mutuwa?

Hanyar da masu mod da yawa suka bi a shekarun baya ita ce su lulluɓe ɗan wasa da wani sihiri marar ganuwa da ke manna rubutun umarni a jikin duk wanda ya matso. Tana aiki, amma an san ta da wata cuta: idan ana damben hannu a masauki, wasan yana iya ɗaukar sihirin a matsayin hari, sai damben wasa ya koma faɗan takobi, dogarai su shigo. Ban bi ta nan ba. Wasan yana da nasa mai shela, Story Manager, wanda ke sanar da kisa tare da bayanin wanda aka kashe da wanda ya kashe da wurin. Na rataya aikina a jikinsa. Na tanadi gurabe takwas, kowace gawa da ta cancanta ta shiga ɗaya, idan sun cika sauran su jira agogon wasan kamar da.

Tacewar ce ta ci lokaci. Sai mai alamar ActorTypeNPC, wato mutum, ba kyarkeci ko ƙaguwa ba. Ban da mai alamar ActorTypeUndead, don draugr an riga an yi masa sutura shekaru dubbai da suka wuce, shi ne ya ƙi zama. Ban da mai ɗauke da rubutun Bethesda, tunda yana da akwatinsa. Ban da wanda ya mutu a cikin kogo ko kango, domin babu mahaƙin kabarin da zai shiga ramin Falmer, makafin halittun da ke zaune ƙarƙashin ƙasa, saboda ɗan fashi.

Akwai kuma gawarwakin da bai kamata a taɓa ba sam. Masu tsara wasan sun ajiye wasu mutane a mace tun daga farko, don su ba da labari ba tare da magana ba. A gefen tafkin Ilinalta akwai gunkin Talos, abin bautar da aka haramta, da masu bautarsa a kwance kewaye da shi, da gawar jami'in Thalmor, masu farautar mabiyansa, ɗauke da takardar umarni. Ba wanda zai yi maka bayani, kai za ka haɗa da kanka ka gane abin da haramta bautar Talos ya jawo. A wata bukka a Hjaalmarch akwai mutumin da ya mutu a gadonsa, karensa Meeko yana gadinsa. Idan mahaƙina ya riga ɗan wasa zuwa ya binne waɗannan, ya goge rubutun wani. Da yake mai shelar kisa kawai nake saurare, su ba sa shiga, tunda ba a kashe su a gaban kowa ba. Amma ina so ɗan wasa ya iya binne mai Meeko da hannunsa idan ya ga dama, bayan ya karanta littafin da ya bari. Na rubuta wannan a jerin abubuwan gaba.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Samudawan da ke kiwon giwaye a filin Whiterun, idan suka maka wa mutum kulki, injin Havok mai lissafa motsin jiki a wasan yana cilla shi sama har ya ɓace wa ido. Gurbina yana riƙe wurin da mutum ya mutu, gawar kuwa tana faɗowa can wani tsauni. Na sa rubutun ya jira ɗan lokaci ya sake duba inda take, in ta yi nisa da hanya ko ta faɗa ruwa ya sake ta. Wanda Basamude ya aika sama, Arkay ya ji da shi.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Mahaƙin kabari ya fara tafiya. Na yi shi Nord mai matsakaicin shekaru, ba shi da suna sai na sana'arsa, yana kwana kusa da maƙabartar Falkreath. Idan gurbi ya cika kuma yini ya wuce, sai ya ɗauki shebur ya nufi wurin.

Abin da wasan yake rayawa sosai gidaje 25 ne kawai, biyar a tsaye biyar a kwance, kai a tsakiya. Kowane gida faɗinsa kusan mita 58 ne, saboda haka duniyar da ke motsi da gaske ba ta kai mita 300 daga gefe zuwa gefe ba. Duk wanda ya fita daga wannan da'ira lissafi ne kawai yake tafiya, babu ƙafa babu hannu. Don haka jana'izar ta rabu biyu. In kana kusa za ka gan shi ya iso, ya durƙusa, ya yi haƙa, allo ya ɗan yi duhu, gawa ta koma tudun ƙasa da duwatsu. In ba ka nan, rubutun ya musanya su kai tsaye idan lokacin isarsa ya yi. Mafi yawan jana'izar da mod ɗin zai yi ba wanda zai gan ta. Abin da za a gani shi ne ka dawo hanyar da ka yi faɗa jiya, ka tarar da tudu maimakon ƙafafu.

Ɗaukar gawa a kafaɗa na ajiye shi gefe. Wasan ba shi da wannan motsin, kuma haɗa jiki mai lilo da jiki mai tafiya hanya ce ta ganin gawa tana karkarwa tana dukan bango.

Na ƙara wa ɗan wasa nasa hannun. Shebur da ƙullin lilin duka suna cikin wasan tun asali, tarkace ne da kusan ba su da amfani, mutane na zubar da su don nauyi. Yanzu in kana da shebur ɗaya da lilin biyu, ka tsuguna ka taɓa gawa, za a tambaye ka ko za ka rufe ta. Na daɗe ina tunanin ko in hana binne wanda aka tuɓe, ko in rage lada ga wanda ya kwashe kaya. Na bar shi. Tattalin arzikin wasan gaba ɗaya a kan aljihun matattu yake tsaye, da shi ake sayen gida da doki, ba aikina ba ne in yi wa ɗan wasa wa'azi. Lilin ɗin dai zai rufe abin da ya buɗe.

Lada ma ban sa mai yawa ba: albarkar Arkay ta ɗan lokaci, irin wadda ake samu a wurin bautarsa. In na sa kuɗi, gobe za a samu mai kashe matafiya don ya binne su.

Asabar, 5 ga Afrilu

Azumi ya shigo, aiki ya kwanta sai bayan Salla. Da na dawo na fuskanci abin da na san yana jirana tun farko, wato nauyin fayil ɗin ajiya.

Duk abin da aka haifar a tsakiyar wasa, wanda ba ya cikin taswirar asali, wasan yana ba shi lamba mai farawa da FF ya rubuta shi cikin ajiyar ɗan wasa. Kabarina irin wannan ne. In na bar shi haka, ranar da gidan ya koma sabo zai iya tafiya tare da sauran tarkace, ka ga an binne mutum kwana 10 kabarin ya ɓace. In na tilasta masa zama, zai zauna har abada, kuma kowane ɗaya ƙarin kaya ne da wasan zai ɗauka duk lokacin da aka ajiye ko aka buɗe. Wanda ya yi awa ɗaruruwa yana wasa ya kashe mutanen da ba zai iya ƙirgawa ba. Masu PlayStation 3 sun ɗanɗana wannan a 2011, lokacin da ajiyarsu ta yi ƙiba wasan ya koma tafiyar hawainiya.

A nan na daina ganin agogon kwana 10 a matsayin rashin tausayi. Wasan yana mantawa da matattu ne don ya iya ci gaba da ɗaukar rayayyu. Mai suna ya samu akwati saboda an san adadinsu tun farko, an ware musu wuri. Marar suna ba shi da iyaka, ana haifar sabo duk kwana 10, kuma ba a yi wa abin da ba shi da iyaka kabari na dindindin. Ni ma dole in zaɓi wanda za a manta, bambancin kawai shi ne yaushe, kuma ta wace hanya.

Ga yadda na raba shi. Kabarin gefen hanya guda 40 ne a duk ƙasar. Idan na 41 ya zo, mafi tsufa ya tafi, amma sai ɗan wasa ba ya kusa. Kafin ya tafi yana sauya kama sau ɗaya: tudun sabuwar ƙasa ya koma 'yan duwatsu da ciyawa, don in ka wuce ka ga alamar yana lotsawa, ba wai ya yi layar zana ba. Wanda ɗan wasa ya haƙa da hannunsa yana da jeri dabam na guda 10, kuma ba ya gogewa sai an tambaye shi.

A maƙabartar Falkreath kuma dabarar Bethesda na ara. Na jera kaburbura a gefen da babu kowa tun a Creation Kit, a ɓoye, ana bayyana su ɗaya bayan ɗaya. Wannan kusan kyauta ne, don abin da ajiya za ta riƙe shi ne a buɗe yake ko a rufe. Na kauce wa taɓa shimfiɗar da mutanen wasan ke bi wajen tafiya, saboda mod biyu suka gyara ta a wuri ɗaya sai an yi karo, kuma masu yi wa Falkreath kwaskwarima suna da yawa. Sakamakon haka Kust yakan bi ta kan sabon kabari wani lokaci. Na fi yarda da wannan a kan wasa ya rufe kansa.

Idan kaburburan sun ƙare, akwai littafi a kan teburin Runil. Ba ya riƙe suna, don ba su da shi. Yana riƙe adadi: 'yan fashi kaza, sojoji kaza, matafiya kaza. Lambobi uku ne a ajiya, ko sun kai dubu nauyinsu ɗaya.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Na ba ƙanena ya gwada a kwamfutarsa. Shi matsafi yake wasa, mai tayar da gawa. Ya kira ni da daddare.

"Yaya, wannan mutumin naka mai shebur ɓarawo ne. Na ajiye wani ƙaton shugaban 'yan fashi a bayan gari zan dawo in tayar da shi, na je na dawo ya binne min shi."

Na ce masa ai aikin Arkay ke nan, abin da aka ɗauke shi ya yi ya yi.

"To ni Arkay ɗin ne abokin gabata. Ka ba ni hanyar da zan hana shi."

Yana da gaskiya ta fuskar wasa. Ƙananan sihirin tayar da gawa suna mai da ita toka idan lokacinsu ya ƙare, amma babban, Dead Thrall, yana barin jikin yadda yake, a sake tayar da shi sau nawa aka so. Masu irin wannan wasa suna tara gawarwaki kamar jari. Ban so in kashe musu sana'a, kuma ban so in sa maɓallin kashe mod kawai, don wannan ba labari ba ne. Abin da na yi: in ka ja gawa ka kai ta cikin gida ko kogo, ta fita daga lissafin mahaƙi. In ka bar ta a fili, tsere ne tsakaninka da shi. Kuma wanda aka riga aka rufe, mai shebur zai iya tono shi da dare, amma in dogari ya gani akwai tara. Ƙanena ya ce wannan ya fi masa daɗi a kan yadda wasan yake a da.

Tarin toka ba ya shiga gurbi, na tabbatar da wannan. Wanda aka tayar aka sake kashewa mai shela yana iya kiran sunansa sau biyu, don haka na sa a duba ko yana cikin jeri kafin a ƙara shi.

Gwajin nasa ya tono wata tambayar. Ya kashe wata matsafiya 'yar ƙabilar Dunmer a hanyar Falkreath, aka yi mata tudu irin na Nord. Dunmer ƙona nasu suke yi, su zuba tokar a ramin kakanni, kamar yadda ake gani a kushewun dangi na ƙasarsu Morrowind da ƙarƙashin haikalin garin Raven Rock. A wurinsu kakanni ba su tafi ba, suna tsaron gida. Amma mahaƙina Nord ne na ƙauye, abin da ya iya shi zai yi wa kowa, kuma ina ganin hakan ya fi kama da gaskiya a kan ya zama masanin al'adun ƙabilu goma. Idan na kai Windhelm, inda 'yan gudun hijirar Dunmer suke cunkushe a Gray Quarter, zan sa nasu mutumin da tulun toka. Al'adar ƙabilar Bosmer ta cinye abokin gaban da aka kashe kafin kwana uku kuwa, wannan na bar wa wani mai mod ɗin.

Asabar, 26 ga Afrilu

Whiterun ta samu nata mahaƙin, yana fita daga wajen Andurs. Gwajin dogon wasa bai nuna ajiya tana kumbura ba bayan kaburbura 40 sun cika sun fara juyawa.

Yaƙin basasa ne bai zauna ba. A harin Whiterun sojoji suna ta fitowa ana kashe su, wasan da kansa yana kwashe gawarwaki a tsakiyar faɗa don kada ya shaƙe, sai gurabena takwas su cika da mutanen da babu su. Na sa mod ɗin ya rufe ido muddin ana wannan yaƙin, bayan an gama a bayyana dogon tudu ɗaya a wajen ganuwa, a ƙara adadi a littafi. Imperial da Stormcloak, ɓangarori biyun da ke yaƙin, rami ɗaya, tunda Andurs ba shi da ma'aikatan da za su tsaya tantance riga.

Saura abokan tafiya. Wasan yana riƙe gawar abokin tafiyar da ya mutu, kuma sananniyar matsala ce ta faɗo tsakiyar haikalin Mara, abar bautar soyayya da aure, a Riften ranar ɗaurin auren ɗan wasa, baƙi su watse, amarya ta yi fushi. Ina so in ga ko binne shi da hannu zai cire shi daga jerin waɗanda ake gayyata, ko kuwa sai na taɓa aikin auren kansa, wanda ba na so. Ƙasusuwan dodanni masu fuka-fuki da ke faɗowa a ƙofar gari bayan an shanye ransu ba su cikin wannan mod ɗin, ko da an roƙa.

Mako mai zuwa: Morthal, inda ƙasar fadama ce, da Winterhold, inda shebur ba zai shiga ƙanƙara ba. A Winterhold tulin duwatsu zan yi a kan gawar ba tare da haƙa ba, kuma sai na nemo dutsen da launinsa ba ya ɓacewa cikin dusar ƙanƙara.